Mutumin da ke kwana bayan tasha: aikin wa ne, kuma ina kuɗin garin ke zuwa?

Ɗan_Bilbis:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, kuma don Allah kar a maida ta siyasa tun ba a karanta ba. Duk mai bin hanyar tasha da asuba ya san dogon mutumin nan mai ƙunshin tsummoki da ke kwana jikin bangon mai faci. Shekara biyu ke nan ina ganinsa. Ba ya bara, ba ya zagi. In ka ba shi abinci ya karɓa, in ka ba shi kuɗi ya watsar. Jiya na fito sallar asuba cikin ɗarin nan da ya sauko, na iske shi ya shige buhun siminti yana kaɗuwa kamar mazari, ga gyambo zagaye da idon sawunsa, irin wanda mari ke bari. Na koma gida na ɗauko bargo na rufa masa. Yau da safe babu bargon, wani mai lafiya ya yi gaba da shi.
Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: duk mun ga aikin da aka yi wa garin nan namu na Tawa a 2017 lokacin bikin Tawa Sakola. Tituna, fitilu, gine-gine, fenti ko'ina. Ban ce ba su da amfani ba, ni ma a kan kwaltar nake tafiya. Amma garin da ya iya wannan, ya rasa ɗaki huɗu da tabarma da tukunya ɗaya inda irin wannan bawan Allah zai kwana? Nauyin wa ne? Magajin gari, ko likita, ko danginsa, ko mu da muke tsallake shi mu shiga masallaci?

Maman_Nana:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ƙanena. Na san shi sarai, ɗiyata ke miƙa masa fura in na dama. Wata rana ya yi mata godiya da Faransanci tsaf, har ya tambaye ta ajin da take. Mutumin nan ya yi lakwal, ba a titi aka haife shi ba.

Abdul_Kabukabu:
Ni hwa ban yarda a haɗa su duka a ce bayin Allah ba. Wanga dai shiru gare shi. Amma akwai wani nan wajen kasuwa da ya jehi ɗan makwabcina da dutsi, sai da anka yi mai ɗinki ga kai. Kuma da yawansu su sunka jawo ma kansu, tramol ne da wiwi da sholisho. Mu da muke bisa babur mun san masu sha. A kwashe su a kai wani wuri nesa da gari, kowa shi huta.

Majo_Ritaya:
Abdul ɗana, a kwashe su a kai ina? Asibiti wurin jinya ne, ba wurin zama ba. Ana kwantar da mutum sati biyu ko uku, ya lafa, a sallame shi. Daga ƙofar asibiti zuwa ina? Nan ne tambayar Ɗan_Bilbis take.
Na yi shekara talatin da ɗaya ina aiki a likitocin karkara, daga wannan CSI (ƙaramin asibiti) zuwa wancan, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo mini a ɗaure ba su taɓa sanin launin tramol ba. Akwai ciwon da ke kama matashi tsakanin ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara talatin. Sai ya fara jin muryoyi, ya daina cin abincin gida wai an sa masa wani abu, ya ƙaurace wa mutane, ya bar wanka. Likitoci na kiransa sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan mutum ɗaya cikin 300. Ku yi lissafi: unguwa mai mutum 3000, goma ke nan. Ina suke? Suna cikin ɗakunan ƙurya, ba kwa ganinsu. Wanda kuke gani a titi shi ne wanda ɗakin ƙuryar ya ƙare masa. Akwai kuma ciwon da ke kama mace bayan haihuwa. Akwai farfaɗiya, wadda ba hauka ba ce sam, amma mu mun haɗa su a kwando ɗaya.
Maganin ba sabo ba ne. Largactil tun shekarun 1950 ake aiki da shi. Ga Haldol, ga allurar Modecate da ake yi sau ɗaya a sati uku ko huɗu. Ba magunguna ne masu tsadar tashin hankali ba. Matsalar ita ce ba a shan su sati ɗaya a ce an gama kamar na masassara, wata da watanni ne, wani ma shekaru. Sannan suna sa jiki ya sandare, yawu ya zuba, hannu ya yi rawa, wani wuyansa ya karkace. Dangi su gani su ce maganin nasara ya ƙara lalata shi, ko aljanin ya yi fushi, su zubar. Alhali akwai ƴar ƙwaya, Artane, da ke warware wannan, da an koma an faɗa wa ma'aikaci. An bar magani, ciwo ya dawo. Kowace dawowa akuya ɗaya ce ta tafi kasuwar Lahadi. Akuyoyi su ƙare, ƴan'uwa su gaji ɗaya bayan ɗaya, a bar tsohuwa ita kaɗai da shi. Na gani ba sau ɗaya ba: ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin uwar, kafin wata ya zagayo yana titi.

Maman_Nana:
Innalillahi. Majo, wallahi ka faɗi abin da ya faru a gidan makwabtanmu kamar kana nan.

Tsohon_Sakatare:
Malam Ɗan_Bilbis, zan ɗan gyara maka, don kar a bar jaki ana dukan taiki. Kuɗin Tawa Sakola ba daga asusun gari suka fito ba. Bikin ranar Jamhuriya ne, 18 ga Disamba, da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha, gwamnatin ƙasa ke ɗaukar nauyi: Dosso 2014, Maradi 2015, Agadas 2016, mu 2017, Damagaram 2018. Ko da ba a yi kwaltar ba, kuɗin ba za su faɗo hannun magajin gari ya gina ɗakin marasa galihu ba.
Na yi aiki a ma'aikatar wata ƙaramar hukuma shekaru. Abin da ke shigowa lanho ne, da tikitin kasuwa, da na tasha, da patanti, da kuɗin filaye. Lanhon ma wa ke biya da son ransa? In an fitar da albashi da man mota da kuɗin lantarki da kwasar shara, abin da ya rage na taimakon jama'a bai kai ya kawo ba, kuma ana cinye shi tun damina, ranar da gidaje suka fara faɗuwa. A 2016 an ce an miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. An miƙo kaya, ba a miƙo jakin da zai ɗauka ba. Kuma ka tuna tun watan Afrilun 2024 babu zaɓaɓɓun magadan gari, kantomomi ne aka naɗa.

Ɗan_Bilbis:
Na karɓi gyara, Sakatare, na gode. To amma ka matsar da tambayar ce kawai daga ƙaramin aljihu zuwa babba. Wanda ya zauna a Yamai ya rubuta fitila da fenti, me ya hana shi rubuta ɗaki huɗu?

Tsohon_Sakatare:
Saboda fitila ana yanke mata kirtani a ɗauki hoto. Ɗaki huɗu kuwa gina su ne mai sauƙi. Wa zai biya mai dafa abinci da mai gadi da ma'aikacin jinya a shekara ta biyu? Gine-gine nawa ka sani a garin nan da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, yanzu awaki ke kwana ciki?

Sani_Tsaro:
Ku yi haƙuri, amma ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta fara da mahaukata. Kun manta Tiliya? Watan Maris 2021, mutum 137 aka kashe a yini ɗaya, a cikin jiharmu. Kowane dala a kai wa sojoji tukuna. In an samu kwanciyar hankali sai a yi maganar saura.

Malama_Zuwaira:
Malam Sani, don Allah mu rage cewa "mahaukata". Masu taɓin hankali ne, ko masu larurar ƙwaƙwalwa. Kalmar nan ita ke sa yara su bi mutum da jifa suna waƙa, manya na dariya.
Sannan maganarka da tamu ba kishiyoyi ba ne. Matar da aka kashe mijinta da ɗiyanta a gabanta ta gudo gari, kana jin kanta zai zauna daidai? Sojan da ya kwashe gawar abokansa fa? Yaƙin da kake magana shi ke ƙara mana masu wannan ciwo. A ajina akwai yarinya ƴar gudun hijira, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin tebur.

Sani_Tsaro:
Malama, sunan da kakanninmu ke faɗi ne, canza suna ba ya warkar da kowa. Amma batun sojoji na yarda da ke.

Hadiza_Wadata:
Na daɗe ina karantawa ina share hawaye, bari in faɗi namu, ko wani zai ƙaru.
Yayana ya tafi biɗa Libiya kamar kowane ɗan Adar. Shekara uku yana aiko da kuɗi, shi ya yi wa Inna ɗaki na siminti. Sai aka yi wata takwas ba labari. Ashe kama shi aka yi aka tsare, sai da muka sayar da gona aka aika kafin su sake shi. Wanda ya dawo mana ba shi ne ya tafi ba. Ba ya barci. In ya ji mota ta tsaya sai ya haura katanga. Daga baya ya fara cewa mu ne muka sayar da shi.
Mun fara da rubutu da turare. Muka kai shi wurin wani malami a ƙauye, aka sa masa mari wata biyu, ya dawo da ƙafa a kumbure. Muka kai shi wurin masu bori, aka yanka baƙin bunsuru. Sai a ƙarshe, da kuɗi suka kusa ƙarewa, muka kai shi asibiti, wurin da ya kamata mu fara. Cikin sati uku ya gane Inna, ya nemi ruwan alwala da kansa. Wallahi ranar kamar an yi mana haihuwa.
Ya yi shekara ɗaya lafiya, har yana taya wani kawunmu jiran shago. Sai maganin ya yanke a inda muke saye, aka ce sai an aiko daga Yamai. Sati biyu, uku. Shi kuma ya ce ai ya warke. Abin da Majo ya faɗa, haka ya faru ba ragi.
Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni da hannuna na riƙe ƙafarsa aka sa sarƙa a karo na biyu, cikin gidanmu, jikin turken da muke ɗaure tunkiya. Ba mugunta ba ce. Inna ta tsufa, mijina ya ce ba zai zauna mana ba saboda yara, ƙanwata kuwa masu neman aurenta biyu suka janye da suka ji wai abin jini ne. Ko mu ɗaure shi mu je neman abinci, ko mu sake shi ya bi duniya. Duk wanda ya ga tabon mari a ƙafar mutumin tasha ya ce danginsa azzalumai ne, ina roƙonsa ya yi shiru, bai san daren da suka kwana ba.
Yanzu alhamdu lillahi yana karɓar allura duk wata, wani ɗan'uwanmu da ke Abijan ya ɗauki nauyin kuɗin. Amma kullum ina tunanin ranar da Inna za ta rufe ido.

Baba_Garkawa:
Allah shi ba shi lahiya, ɗiyata, Allah shi biya ki. Mu da munka taso, kowace unguwa da nata, kuma an san sunanshi da na ubanshi. Zaure buɗe yake, shi kwana nan, da sahe a miƙo mai hura. Yanzu kowa ya ja katanga ya sa ƙyauren ƙarhe da kwaɗo. Gwamnati ba ita ta rushe zaure ba, mu munka maishe shi shago muna amsar haya.

Ɗan_Bilbis:
Hadiza, ki gafarce ni. Da na ga gyambon nan, abin da na fara faɗa a raina shi ne Allah ya isa tsakaninsa da danginsa. Na janye.

Ustaz_Nassarawa:
Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ce. Abu biyu zan ƙara. Na farko, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Allah bai kama da laifi ba, ta yaya za a sa masa bulala da sunan magani? Ruƙiya karatu ce da addu'a, ba duka ba ce, kuma ba ta hana zuwa likita.
Na biyu, masu cewa wannan aikin nasara ne su binciki tarihi. A Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina asibiti a 1284 wanda ke da sashen masu taɓin hankali, kuma da wakafi ake ciyar da shi, ba da harajin shekara ba. Wannan ita ce amsar tambayar Sakatare ta wa zai biya mai dafa abinci a shekara ta biyu. Alhazanmu na gasar gina masallaci, wata unguwa masallatai uku suna jin kiran sallar juna. Da ɗaya zai tsayar da shaguna biyar ya ce hayarsu ta maganin marasa galihu ce har abada, da ladan bai gaza na masallaci na huɗu ba. Ƙasar nan ma tana da dokar wakafi tun 2019.

Nura_Fada:
Ustaz, kana nufin babu aljanu ke nan? Ni gwaggona ce aka yi wa girka ta warke sarai, ba ta taɓa shan ƙwaya ko ɗaya ba.

Ustaz_Nassarawa:
Ban ce babu aljanu ba, Nura, Alƙur'ani ya ambace su. Na ce ba kowane ciwon kai ne aljani ba. Batun girka kuwa ka san matsayina, ba zan buɗe shi a nan ba.

Majo_Ritaya:
Nura, wasu cututtukan na zuwa su tafi da kansu, duk wanda ke riƙe da mara lafiya a lokacin shi ke samun yabo, ko malam ko boka ko ni. Ban taɓa hana kowa addu'a ba. Abin da nake roƙo, a haɗa biyu, kuma kar a ce wa mutum ya zubar da maganinsa. A Abekuta ta Najeriya, Dakta Lambo tun 1954 yake sauke marasa lafiya da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro, da rana su zo asibiti, kuma yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Ba sai an yi faɗa ba.

Admin_Adar:
Na goge tallar wani da ya saka lambarsa wai yana warkar da hauka cikin kwana uku. In ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Ɗan_Konni:
Mu nan da yawa Kware ake kai mutum, asibitin ƙwaƙwalwa da ke kusa da Sakkwato, don ya fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, har zuwa Maris 2024, mutane sun ji jiki, masu karɓar magani can sai ta ɓarauniyar hanya. Kuma kafin wani ya ce Najeriya ta fi mu, ku tuna gidan marin da aka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Ciwon ɗaya ne.

Issa_Yamai:
Ina Yamai shekara goma sha biyu, bari in ba ku labarin "a kwashe su" da Abdul ke so. A 2019, kafin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli, an gyara filin jirgi, an gina manyan otal-otal, an kuma hana bara a birnin daga 1 ga Mayu. Manyan tituna suka yi fes. Baƙi suka tafi, sannu a hankali kowa ya koma mahaɗarsa. A 2022 kuma, da wani gidan talabijin na Senegal ya nuno ƴan Nijar na bara a Dakar, cikin kwanaki aka aika jirage aka kwaso sama da mutum dubu, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance da Magariya. Kun gani, in abin ya zama abin kunya a idon baƙo, kuɗin jirgi ma ana samu. Mutumin tasharku ba ya ba kowa kunya sai Ɗan_Bilbis.
Amma kar a cakuɗa. Mai bara daban, almajiri daban, wanda ruwa ya ci gidansa daban, mai taɓin hankali daban. A nan akwai magidanta masu cikakken hankali da sana'a da ke kwana a bukkar zana cikin filayen da ba a gina ba, saboda haya ta fi ƙarfinsu. Ambaliyar 2024 kaɗai ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a ƙasar nan, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Kowane da maganinsa.

Abdul_Kabukabu:
To Issa, ni mi za ni ce ma makwabcina da ɗanshi ke da tabo ga kai? In ce mai shi yi haƙuri, babu kasahi?

Issa_Yamai:
Ka ce masa wanda ya jefi ɗansa, da yana samun allurarsa, da wataƙila yana zaune yana sayar da goro. Tsoronka gaskiya ne, Abdul, ban raina shi ba. Hanyar ce ba ta kai wa.

Ungozoma_Sabongari:
Duk kuna ta maganar maza. Matan fa? Sau biyu a aikina ana kawo mini mace daga titi tana naƙuda, ba ta san sunanta ba balle na wanda ya yi mata cikin. Mai hankali ne ya yi, ya kuma tafi sallar asuba. Ni in za a gina ɗakin nan na Ɗan_Bilbis, a fara da na mata, mai ƙofa da makulli.

Maman_Nana:
Allah ya tona asirinsu. Amin.

Ɗan_Abijan:
Mu da muka zauna Kodebuwa mun san wani mutum, Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin. Faci yake yi a Buwake, ba likita ba ne. Shi ya fara bin titi yana wanke masu taɓin hankali yana ba su abinci, daga baya ya shiga ƙauyuka yana kwance waɗanda aka ɗaure a kututture. Yau ƙungiyarsa ta Saint Camille na da cibiyoyi a Kodebuwa da Benin da Togo, kuma da yawan masu aiki a ciki waɗanda suka warke ne. Bai jira kasafin kowa ba. Mu ƴan Adar da ke waje, kuɗin da muke tarawa in za a yi bikin wani ko a kai gawa gida, ba za mu iya ware wani abu ba?

Sani_Tsaro:
Ka ga wannan na yarda. Jama'a su yi, a bar gwamnati da abin da ke gabanta. Ai an ma rage kuɗin asibiti da rabi tun Satumban 2024, haihuwa kuma kyauta. Ba a ce ba a yi kome ba.

Majo_Ritaya:
An rage, Malam Sani, kuma talaka ya ji sauƙi, ba na musu. Ganin likita da gado da gwaje-gwaje. Amma mai wannan ciwo ba ganin likita ke karya shi ba, takardar magani ce ta kowane wata, da kuɗin mota in daga ƙauye yake, da ɗan jinyar da zai bar gonarsa. In aka ce sai Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, kilomita sama da 500 ne, da mutumin da ba kowane direba ke yarda ya ɗauka ba. Shi ya sa nake cewa a koya wa ma'aikatan CSI su gane ciwon su ba da magani a kusa, akwai tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don haka tun 2008. Kuma kar mu saki gwamnati haka nan. Shugabannin Afirka da bakinsu suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, ƙasashe ƙalilan suka cika. Yadda aka ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne, me zai hana a ce allurar nan ma kyauta ce?

Tsohon_Sakatare:
Majo, kai ka fi kowa sanin yadda kyautar yaran ta kasance. Likitoci na yi, takardun biya na taruwa, kuɗin na makara, kantin magani ya bushe. Kar a ƙara wata kyautar a baki.

Majo_Ritaya:
Na sani, a kaina ta ƙare. Duk da haka yaran da suka rayu saboda ita sun rayu.

Nura_Fada:
Ni dai fadarmu mu goma sha ɗaya ne, abin da muke kashewa a shayi da sukari a wata ya isa wani abu. In za a yi, mu za mu iya wanke shi mu yi masa aski. Kuɗi ne ba na so a tara a hannun mutum ɗaya, mun ga yadda na gyaran makabarta ya ƙare.

Hadiza_Wadata:
Nura ƙanena, kar ku taru masa ku goma sha ɗaya, zai ɗauka kama shi za ku yi. Mutum ɗaya da ya saba da shi, kullum lokaci ɗaya. Ɗiyar Maman_Nana ma ta fi ku kusa da shi. Kuma ku tambaye shi sunansa da garinsu, ba sau ɗaya ba. Wataƙila akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ta yi masa sadakar mutuwa.

Majo_Ritaya:
Hadiza ta faɗi daidai. Gyambon nan shi ne na gaggawa, zan iya zuwa in duba in wanke. Kai shi asibiti kuwa sai an bi ta ofishin kula da jin daɗin jama'a da mai unguwa, a samu takardar rashin hali, kar gobe a ce kun sace mutum. Amma tun yanzu ku amsa mini: in an sallame shi, gidan wa zai sauka? Kar mu wanke shi mu yi masa allura ɗaya mu maida shi jikin bangon mai faci.

Baba_Garkawa:
Zaurena na nan, ban maishe shi shago ba. Amma ni tsoho ne, ban iya tsaron shi in ya tashi cikin dare. Sai in yaran hwada na kwana nan bi da bi.

Abdul_Kabukabu:
In dai wanga mai shirun ne, ni ka kai Majo bisa babur, ban son ko dala. Na kasuwa kau har yanzu ina nan bisa bakata.

Ɗan_Bilbis:
Na je bayan la'asar da wani bargon, ban same shi ba. Ƙunshin tsummokinsa na nan. Mai shayi ya ce tun hantsi wasu yara suka dame shi ya yi wajen tabkin Babaye, amma yakan dawo in duhu ya yi. Zan sake leƙawa bayan isha'i. Majo, in na gan shi zan rubuto, sai ku taho da Abdul da safe. Sakatare, tambayata ta babban aljihu tana nan, ba ka amsa ba.

Tsohon_Sakatare:
Ba ni ke riƙe da aljihun ba, Malam. Amma takardar rashin halin na san ƙofar da ake bi, ka kira ni gobe ƙarfe tara.